Ina Dala Biyar Ɗinmu Take Zuwa?

Yau ina so in ba ku labarin wata 'yar rigima da ta shiga tsakanina da ɗana na fari a gidana da ke Ajame, wadda ta sa ni, malamin makaranta da ya haura shekara 40, na zauna ina bin lissafin ribar wani kamfani da ke birnin Kiyoto na ƙasar Japan, kamar ina da hannun jari a cikinsa. Na san da yawa daga cikinku za su yi dariya, amma ina roƙonku ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe, domin kuwa abin da ya same ni yana nan tsaye a ƙofar kowane mai ɗa a garin nan, daga Ajame har Tireshbil.

Wata rana da dare cikin watan Mayu na shekarar 2025, na dawo daga makarantar da nake koyarwa a Tireshbil, na sha cunkoson gada har na gode Allah, ina zaune ina gyaran takardun 'yan ajina, sai yaron ya zo ya durƙusa kusa da ni riƙe da wayar mahaifiyarsa. Ya ce, "Baba, ka ji ribar Nintendo ta faɗi da kashi 43 cikin 100?" Na yi kamar ban taɓa jin sunan ba, na ce, "Wane ne kuma Nintendo, ɗan gidan wa?" Ya ce ai kamfanin da ke ƙera akwatin wasan bidiyo ne, kuma wai kada in damu, ran 5 ga Yuni za su fitar da sabon akwati mai suna Switch 2, ribar za ta dawo. Sa'annan ya sunkuyar da kai ya faɗi ainihin abin da ya kawo shi, wato in ya ci jarrabawar ƙarshen shekara, ko zan saya masa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Yaron nan fa a makon da ya gabata ya kawo mini 6 bisa 20 a lissafi, kuma darasin da ya kā da shi shi ne na kashi cikin ɗari. Ga shi yau ya zo yana karanta mini kashi cikin ɗari na dukiyar wasu mutane. Na daka masa tsawa, na ce ya tashi ya ba ni wuri. Da ya fita, sai mahaifiyarsa ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Malam, ai na ɗauka kai ne ka taɓa ba ni labarin dala ɗari na Baba." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ta koma. Ni kuwa alƙalami ya tsaya a hannuna. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ga labarin dala ɗarin. A shekarar 1992 ina ɗan shekara 12. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya zo garin nan daga Maraɗi tun yana saurayi, yana da rumfa kusa da kasuwar Bilak inda yake sayar da rediyo da agogo da tocila da batir. A bayan layinmu akwai wani ɗaki mai duhu, da talabijin biyu da benci ɗaya, da wani akwati da ake cusa masa kaset a kā. In ka biya dala 5, sai a miƙa maka manet, wato abin da ake riƙewa a hannu ana dannawa, ka yi ta tsallaka ramuka da wani ɗan mutum mai gashin baki da jar hula da ake kira Mario, har rayukansa su ƙare. Ni nawa ba sa daɗewa. Kuɗin karin kumallona ya tafi can, kuɗin aike ya bi shi, har ranar da na sa hannu cikin gwangwanin cinikin Baba na ɗauki dala 100.

Baba bai doke ni ba, kuma da ya doke ni da tuni na manta. Ya zaunar da ni a rumfa ya ce, "Kai ɗan boko, zo ka yi mini lissafi. A kowane batir biyu da na sayar ina cin ribar dala 2. Sau nawa zan sayar kafin in mayar da dala 100?" Na ƙirga da yatsu na ce sau 50. Ya ce, "Madalla. To zauna ka sayar." Kwana 9 na yi, daga tashi makaranta har magariba, ina kiran masu wucewa, kafin na cika hamsin ɗin nan. A wannan benci na fara sanin cewa lamba tana da nauyi, kuma ina jin daga nan hanyar da ta kai ni makarantar horon malamai ta CAFOP a Garan Basam ta faro.

Wani abin dariya shi ne, sai da na girma na gane akwatin da ya cinye mini kuɗi ma ba na Nintendo ba ne. Kamfanin ya fitar da nasa na asali a Japan a 1983, wasan Super Mario kuma a 1985, amma wanda ke ɗakin layinmu kwafi ne, irin waɗanda aka riƙa ƙerawa a Taiwan da Sin ana cika kasuwannin ƙasashe matalauta da su. Ashe dala biyar ɗina ba ta taɓa ganin Kiyoto ba. Mai ɗakin ya ci, mai wuta ya ci, wanda ya yi safarar kwafin ya ci.

Ranar Asabar da safe na kira yaron, na ce ya kawo littafinsa da alƙalami da wayar. Na ce, "Tunda kana son labarin ribar mutanen nan, yau za mu bi ta tun daga tushe." Muka nemo rahoton da kamfanin da kansa yake bugawa duk bayan wata uku domin masu hannun jari. Shekarar kasuwancinsu tana farawa a Afrilu ta ƙare a Maris, kuɗinsu kuwa ana kiransa yen. A shekarar da ta ƙare a Maris 2024 sun ci ribar yen biliyan 491. A wadda ta ƙare a Maris 2025 ribar ta sauko zuwa biliyan 279. Na ce masa, "Ka ce mini kashi 43. Nuna mini inda 43 ɗin ya fito."

Ya ɗebe ƙarami daga babba ya sami 212, daidai. Sai ya raba da 279, ya samo 76, ya tsaya yana kallona. Na ce, "Wanda ya faɗo daga bishiya, daga ina ake auna faɗuwarsa, daga ƙasa ko daga reshen da yake zaune?" Ya yi shiru, ya goge, ya raba da 491, sai ga 43 ta fito. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske a kan lissafi kamar ranar ba. Na ƙara masa wani. Cinikinsu na shekarar yen biliyan 1,165 ne, ribar 279, kashi nawa ke nan? Ya samo kusan 24. Na ce wato a duk jaka ɗaya da ta shiga aljihunsu, dala 48 riba ce tsantsa, kuma wannan ita ce shekarar da jaridu ke cewa ta yi musu muni. Kakanka da ya ga irin wannan mummunar shekara da ya yanka rago.

Daga nan muka shiga dalilin faɗuwar. Akwatinsu na Switch ya fito tun Maris 2017, ya shekara 8 a kasuwa, an sayar da fiye da miliyan 150. Wanda zai saya ya riga ya saya, wanda bai saya ba kuma ya ji ƙishin-ƙishin sabo yana tafe ya riƙe kuɗinsa. Shi ya sa adadin da suka sayar ya sauko daga miliyan 15.7 zuwa miliyan 10.8 cikin shekara guda. Duk mai sayar da atamfa a Ajame ya san wannan ciwo. In mata suka ji sabon zane zai sauka kafin salla, tsohon sai ya zauna a kanta yana shan ƙura.

Na kuma nuna masa inda ainihin kuɗin yake. Baba yakan ce rediyo sau ɗaya ake sayensa, batir kuwa kowane mako. Haka sana'ar nan take. Akwatin ƙofa ce kawai ta shiga gidanka. Bayan ya shiga, kowane wasa sai ka saya daban, kuma ko wani kamfani ne ya yi wasan, sai ya ba mai akwatin kasonsa a kan kowane ɗaya da ya sayar. Har ma kamfanin Sony, lokacin da ya fitar da PlayStation 3 a 2006, ya riƙa sayar da shi ƙasa da abin da ya kashe wajen ƙera shi, yana jiran ya fanshe a wasanni. Saboda haka wanda ya roƙi ubansa akwati, batir na shekara da shekaru ya roƙa, ko ya sani ko bai sani ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a duk binciken nan shi ne labarin shekarunsu na asara. Kamfanin nan tsoho ne. Wani mutum mai suna Fusajiro Yamauchi ya kafa shi a 1889 yana yin karta ta hannu, shekara 4 kafin Faransa ta mayar da ƙasar nan tamu ƙarƙashin mulkin mallakarta a 1893. Ya ga hawa ya ga sauka. A 2006 sun fitar da akwati mai suna Wii, aka sayi fiye da miliyan 100. Suka bi shi da Wii U a 2012, jama'a suka juya masa baya, duk rayuwarsa miliyan 13 da rabi da 'yan kai kawai aka sayar. Shekara uku a jere, daga wadda ta ƙare a Maris 2012 zuwa ta 2014, abin da suke kashewa wajen gudanar da sana'ar ya fi abin da take kawowa.

Shugaban kamfanin a lokacin, Satoru Iwata, masu hannun jari sun tambaye shi a 2013 me ya sa ba zai rage ma'aikata ba. Ya ba su amsa da cewa korar mutane za ta gyara lissafi na ɗan lokaci, amma ma'aikacin da ke kwana da tsoron kora ba zai iya ƙirƙiro abin da zai burge duniya ba. A farkon 2014 ya yanke rabin albashinsa na tsawon wata 5, kamar yadda ya taɓa yi a 2011, manyan da ke ƙarƙashinsa su ma aka rage nasu. Abin da ya ba su ƙarfin yin haƙuri shi ne ajiyar da suka yi a shekarun Wii, ba su cinye ribar duka ba. Iwata ya rasu a Yuli 2015 yana da shekara 55, bai ga fitowar Switch ba. Abokin hamayyarsu na da, kamfanin Sega mai wasan Sonic, bai sami irin wannan numfashi ba. Bayan shekaru na asara, a Janairu 2001 ya sanar da daina ƙera akwati gaba ɗaya.

Ina karanta wa yaron wannan, sai muryata ta sarƙe, domin na tuna watan Janairu na 1994. Wata guda da 'yan kwanaki bayan rasuwar shugaba Hufuwet Buwanyi, aka karya darajar sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da muke saye dala 10 ya koma dala 20 a dare ɗaya. Duk abin da ke rumfar Baba daga waje yake zuwa. Kuɗin da zai saro rediyo 20 ya koma na 10, masu saye kuma suka ɗauke ƙafa. Yana da yara biyu a rumfa, 'yan garinsu da aka ba shi amana. Maƙwabtansa suka ce ya sallame su. Baba ya sayar da babur ɗinsa, ya koma tafiya kasuwa da ƙafa, nama ya ɓace daga miyarmu har bayan babbar salla, amma yaran nan ba wanda ya koma gida. Ɗaya daga cikinsu shi ya riƙe rumfar lokacin da Baba ya kwanta ciwo, kuma da kuɗin rumfar na gama karatu. Baba bai san akwai wani gari Kiyoto ba, Iwata kuma bai san Ajame ba, amma na ga hankalinsu ya zo ɗaya a kan cewa in asara ta zo, babba ne ya kamata ya fara ɗanɗana ta.

Sai muka zo kan maganar saye. Na ce ya nemo kuɗin Switch 2 a Faransa. Ya ce yuro 470 ba kaɗan. Na ce yuro ɗaya sefa 656 ne, buga. Ya buga ya sami jaka 308 da 'yan kai. Na ce mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Janairu 2023 jaka 75 ne, wata nawa ke nan? Ya ce wata 4 da ɗan ɗori. Na ce ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa na duwan ba, ba a sa ribar mai kanti ba, ba a kuma sayi wasa ko ɗaya ba, alhali sabon wasan tseren motocin Mario shi kaɗai ya haura jaka 50. Na ɗauko takardar kuɗin haya da ta makarantar ƙannensa na ajiye a gabansa. Ban ce masa a'a ba. Shi da kansa ya rufe littafin.

Kafin mu tashi na nuna masa wani abu a rahoton. Inda suka kasa cinikinsu bisa yankunan duniya, layi huɗu ne: Japan, nahiyar Amurka, Turai, da sauran wurare. Sunan Afirka bai fito ba. Akwatunan da ke zuwa mana yawanci ta Faransa ko Dubai suke biyowa, da yawansu na hannu ne, irin kayan da muke kira Faransa sai wata rana. Yaranmu sun haddace sunan shugabannin kamfanonin nan da ranar fitowar kowane wasa, su kuwa ko a littafin lissafinsu ba mu da layi.

Kada mai karatu ya ɗauka gidana kaɗai abin ya shafa. Shekara 20 ke nan ina riƙe da alli, kuma na daɗe ina koyar da ajin ƙarshe na firamare, masu shirin jarrabawar CEPE. Ɗakunan wasa na yanzu sun fi na zamaninmu yawa, kuma PlayStation ne ya cika su, wasan ƙwallo ne sarki. Akwai wani ɗan ajina, ɗan wani ɗan'uwanmu mai sayar da garba, da ya riƙa ɓacewa duk ranar Alhamis da rana. Na bi sawunsa na same shi a irin wannan ɗaki, kuɗin da ubansa ya tsaya gaban tafasasshen mai tun asuba ya tara yana tafiya dala ashirin ashirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sanya kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, wato idan ya kai mutum ya fifita shi a kan karatu da barci da sauran al'amuransa na tsawon lokaci. Amma na lura da wani abu: yaron nan da ba ya iya zama minti 10 a kan darasi, yana iya zama awa 3 yana maimaita abu ɗaya har ya gwanance. Ashe naci yana da shi, wurin zuba shi ne bai samu ba.

Kuma akwai masu nuna cewa ana iya tsayawa a ɗaya gefen kantar. A nan Abijan, Sidick Bakayoko ya kafa kamfanin Paradise Game, wanda tun 2017 ya fara shirya bikin FEJA na kayan lantarki da wasannin bidiyo, inda matasa daga ƙasashen Afirka suke zuwa gasa. A Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun fitar da wasansu mai suna Aurion a 2016, da labari da sutura irin na Afirka. A Ajame kuwa ku duba samarinmu masu gyaran waya, da yawansu sun iya buɗe akwatin wasa su gano inda ya mutu su tashe shi. Shi kansa Iwata yana ɗan makarantar sakandare ya fara haɗa wasa a kan 'yar na'urar lissafi, daga nan ya tafi jami'a ya karanci ilmin kwamfuta. Na gaya wa ɗana cewa duk wanda ya ji sunansa a labaran nan, ta ƙofar lissafi da zane ya shiga, ba wanda aka ɗauka aiki don ya iya danna manet.

To, ban sayi akwatin ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, yaron ya yi kwana uku yana gaishe ni da ƙyar. Abin da muka daidaita a kai shi ne, duk Asabar bayan la'asar ina ba shi dala 60 ya je ɗakin wasan da na san mai shi, ya dawo kafin magariba. Sharaɗin shi ne yana da littafi na musamman da yake rubuta duk abin da ya kashe, kuma duk wata uku in kamfanin ya fitar da rahotonsa, shi zai kawo mini lissafin da hannunsa. Shi ya zo ya gaya mini an sayar da Switch 2 miliyan 3 da rabi cikin kwana 4 na farko, daga baya kuma ya ce sun haura miliyan 10 kafin ƙarshen Satumba 2025. Na ce, "Ashe maganarka ta tabbata, kasuwarsu ta dawo." Ya ce, "Baba, ai na gaya maka." Bai zama gwanin lissafi ba, amma ya tashi daga 6 ya kai 11, kuma ya daina tsoron alamar kashi cikin ɗari. Rannan da ya tara jimlar littafinsa na wata shida, ya ga jaka 7 da ɗori, sai na ji yana cewa ƙanensa, "Kai, ashe kuɗin takalmi na cinye."

Wata Asabar na bi shi ɗakin. Yara suka miƙe suna "Sannu Malam," wasu suna neman ɓuya. Na zauna a benci, aka miƙo mini manet bayan shekara fiye da 30 rabona da shi. Ya ɗauki Giwayen Kodebuwa ya bar mini Najeriya, wai mu maimaita wasan ƙarshe na kofin Afirka na Fabrairu 2024. A filin Ebimpe 2 da 1 aka tashi, ni kuwa 5 da nema ya yi mini, yara suna ta shewa. Na biya dala 40 na wasan daga aljihuna, kuma da muka dawo gida na sa ya rubuta a littafin.

Shawarata ga 'yan'uwana iyaye ita ce, mu Hausawan garin nan kasuwa ce ta kawo kakanninmu, da goro da shanu da atamfa, kuma ba a san mu da sayen abu ba tare da mun san wa ya ci riba a kai ba. Duka da zagi ba su raba ni da ɗakin wasa ba, ba kuma za su raba 'ya'yanmu da shi ba. In ɗanka ya zo maka da labarin wasa, kada ka yi saurin korarsa kamar yadda na yi. Zaunar da shi, ka ba shi alƙalami, ka tambaye shi nawa ne, wa ya ƙera, wa ya ci riba, kuma batir nawa za a sayar kafin a mayar da kuɗin. Allah ya shirya mana zuri'a, ya jiƙan iyayenmu da suka yi haƙuri da mu.